Yadda Ake Isa Bakin Tekun Charmouth Don Tsintar Burbushin Halittun Da

A kudancin Ingila, cikin gundumar Dorset, akwai wani ƙauye a bakin teku mai suna Charmouth. Duk ranar da ruwan teku ya janye za ka ga mutane sun bazu a kan tsakuwa, kowa ya sunkuyar da kai kamar wanda allura ta faɗi masa. Abin da suke nema shi ne burbushin halittun da suka rayu a cikin teku shekara kusan miliyan 195 da suka wuce. Halittun sun mutu, laka ta binne su, ma'adinai suka shiga ɓawonsu da ƙashinsu a hankali har suka koma dutse. Lakar nan ita ce ta zama dogayen tsaunukan da ke tsaye a bayan gaɓar, kuma kowace shekara ruwan sama da igiyar teku suna ɓantarar su, suna zubo da abin da ke ciki.

Charmouth wani yanki ne na gaɓar da ake kira Jurassic Coast, wadda ta taso daga Exmouth a Devon har zuwa Studland a Dorset, tsawon kilomita 150 da 'yan kai. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2001. Na zaɓi Charmouth ne domin a ganina babu inda ya fi shi dacewa da ɗan koyo: hanyar sauka ba ta da wuya, an yarda a tsinci abin da ya faɗo, kuma akwai masana a bakin gaɓar da za ka tambaya. Amma yawancin abin da zan faɗa zai yi maka amfani a duk wata gaɓa mai tsauni a duniya.

Fara da jadawalin ruwa, kafin tikitin jirgi

Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne ya sa ranar tafiya, ya sayi tikiti, sannan ya tuna da teku. A wannan harka teku ne mai gida. Shi ke buɗe hanya, shi ke rufe ta, sau biyu a kowace rana, kuma ba ya jiran kowa.

Ga yadda abin yake. Ƙarfin jan wata, da taimakon na rana, shi ke sa ruwan teku ya ciko ya kuma janye. Daga cikowa zuwa janyewa awa 6 ne da 'yan mintoci, kuma lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana. Ke nan idan yau ruwa ya gama janyewa da ƙarfe 12 na rana, gobe sai wajen ɗaya saura minti goma, bayan mako guda kuma sai kusan magariba. Lokacin tsayuwar wata da lokacin da ya cika, ruwan yakan ciko sosai ya kuma janye sosai, har bambancin ya kai kusan mita 4 a wannan yanki. Waɗannan ranakun su ne na zuwa, domin ruwa yana buɗe filin da a sauran kwanaki yake rufe. Wani abin daɗi kuma, a wannan gaɓa babbar janyewar tana faɗowa ne wajen tsakar rana.

Ka nemi jadawalin Lyme Regis, garin da ke maƙwabtaka da Charmouth, domin da shi ake aiki a nan. Akwai shi a shafin EasyTide na hukumar taswirar teku ta Birtaniya, ana kuma liƙa shi a bakin gaɓar. Ka duba da kyau ko an rubuta lokutan da agogon GMT ne, wato agogon da Birtaniya ke bi da hunturu. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Birtaniya tana tura agogonta gaba da awa ɗaya, kuma wanda ya manta da wannan zai yi lissafinsa duka a karkace.

Lissafin kansa mai sauƙi ne. Ka kasance a kan gaɓar awa 2 kafin ruwa ya gama janyewa, ka bi shi yana ja da baya. Da zarar lokacin ya cika, ka juyo, ka ci gaba da nema a kan hanyarka ta dawowa. Idan jadawali ya ce ƙarfe ɗaya, to ka sauka da sha ɗaya, ka juyo da ɗaya, zuwa biyu da rabi kana kusa da inda ka shigo. Ka saita ƙararrawa a wayarka. Ina nanata wannan domin idan ido ya fara kama abubuwa, awa biyu takan wuce mutum bai ɗaga kai ba.

Batun wata kuwa, daga Nuwamba zuwa Afrilu aka fi samu. Guguwar hunturu ita ke wanke laka ta juya tsakuwa, ga shi kuma masu nema ba su da yawa. A bazara gaɓar takan cika da iyalai masu hutu, teku ya kwanta, abin tsinta ya yi ƙaranci. Sai dai lokacin da ya fi albarka shi ne kuma ya fi haɗari, domin ruwan saman da ke fito da burbushin shi ne ke zubo da tsaunin. Kada ka fita ana tsakiyar guguwa. Ka bari ta lafa da kwana ɗaya ko biyu.

Hanya

Daga Landan, jirgin ƙasa yana tashi daga tashar Waterloo zuwa Axminster, tafiyar kusan awa 3. A ƙofar tashar Axminster ake hawa bas da ke bi ta Lyme Regis da Charmouth zuwa Bridport. Lambobin da aka san su da su X51 da X53 ne, amma jadawalinsu yana sauyawa tsakanin bazara da hunturu, musamman ranar Lahadi, don haka ka duba lokacin bas na ƙarshe tun kafin ka bar gida. Bas zai ajiye ka a babban titin ƙauyen. Daga nan ka nemi Lower Sea Lane, ka miƙe ta har ƙarshe, tafiyar minti 10 zuwa 15 a ƙasa, tana gangarawa kai tsaye zuwa teku.

Mai mota zai bi babbar hanyar A35 ya ratse zuwa cikin ƙauyen, ya bi wannan layi ɗin dai. Akwai wuraren ajiye mota na kuɗi a bakin ruwa, kuma sukan cika da wuri a ranakun hutu.

Inda layin ya ƙare akwai wani tsohon gini da Charmouth Heritage Coast Centre take a benensa. An buɗe cibiyar a 1985, shiga kyauta ne. Kada ka wuce ta. Minti 20 da za ka yi kana kallon abin da aka jera a ciki zai koya wa idonka siffar abin da kake nema, kuma ma'aikatan za su gaya maka inda ƙasa ta zafto a makon da ɓangaren da ya kamata ka guje wa. Suna kuma fita da mutane yawon tsinta, ana yin rajista tun da wuri. Wanda wannan ne zuwansa na farko, shawarata ya bi su. Abin da za su nuna maka a awa biyu, kai kaɗai sai ka yi zuwa biyar ba ka gano shi ba.

Kayan da za ka riƙe

Takalmi ne kan gaba: mai ƙarfi, mai kama ƙasa, wanda ya rufe idon sawu. Duwatsun da ruwa ya janye daga kansu suna lulluɓe da gansakuka mai santsi kamar sabulu. Sai rigar ruwa da ta sanyi, jakar goyo domin hannuwanka su zauna a sake, ruwan sha, tsofaffin jaridu ko takarda mai laushi ta naɗe abin da ka samu, da 'yan ƙananan robobi masu murfi. Waya ta kasance cike da caji, amma kada ka dogara da ita gaba ɗaya, domin sabis yakan ɗauke a ƙarƙashin tsauni. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin da za ka dawo.

Guduma ba dole ba ce. Mafi yawan abin da ake samu a Charmouth da ido da yatsa ake ɗauka. Idan lallai sai ka riƙe, ta zama irin ta masu nazarin duwatsu, tare da tabarau na kariya, domin gudumar kafinta takan ɓantare ta harba ƙarfe a ido.

Gabas ko yamma

Idan ka tsaya a gaban cibiyar kana fuskantar teku, hagunka gabas ne. Za ka haye wata 'yar gada a kan kogin Char, ka shiga gaɓar da ke ƙarƙashin tsaunin Stonebarrow. Can nesa za ka hango Golden Cap, mai tsayin mita 191, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a gaɓar kudancin Ingila. Wannan ɓangare shi na fi so wa ɗan koyo. Kada dai kyan Golden Cap ya ja ka ka ce sai ka kai gindinsa, domin ya fi yadda ido ke nuna maka nisa.

Damanka yamma ne, wajen Black Ven, ɗaya daga cikin manyan wuraren zaftarewar laka a Turai. Bayansa garin Lyme Regis yake, nisan kusan kilomita 3 ta bakin ruwa. Ana iya takawa daga wannan gari zuwa wancan idan ruwa ya janye, amma a nan ne aka fi samun waɗanda ruwa ya tare. Dalili kuwa, gaɓar ba miƙaƙƙiya ba ce. Akwai wuraren da laka da duwatsu suka turo har kusa da ruwa, kuma ruwan da ke cikowa yana fara rufe waɗannan ƙusoshin ne alhali inda kake tsaye yana nan a bushe, da faɗi. Sai ka juyo ka tarar da hanyar da ka bi ta zama teku. Saboda haka duk ƙusurwar da ka zagaya, ka tsaya ka dube ta, ka tambayi kanka: in ruwa ya dawo, nan zai fara rufewa? Idan amsar e ce, to agogonka na wannan wurin ne.

Tsaunin da kansa

A nan nake so in daɗe, domin nan ne rai yake.

Tsaunukan Charmouth ba irin dutsen nan ba ne mai tauri. Yumɓu ne da laka da suka daskare, a samansu kuma akwai yashi mai shan ruwa. Ruwan sama yana ratsa yashin ya sauka, ya tarar da yumɓun da ba ya barin ruwa ya wuce, sai ya taru a tsakaninsu. Daga nan sai saman ya zame a kan ƙasan. Wani lokaci a hankali, kamar kunu mai kauri yana malala. Wani lokaci kuma gaba ɗaya, cikin ƙiftawar ido, ba gargaɗi. Hakan na faruwa ko da rana ta fito sarai, domin zafi ma yana busar da yumɓu ya tsattsage shi.

Mary Anning, wadda aka haifa a Lyme Regis a 1799, ita ce ta fi kowa suna a wannan sana'a. Tana yarinya ita da yayanta Joseph suka tono ƙwarangwal ɗin iktiyoso, wata dabbar teku mai kama da kifi, tsakanin 1811 da 1812. A 1823 ta samo cikakken ƙwarangwal ɗin filesiyoso, wata dabbar teku mai dogon wuya, a 1828 kuma ta samo wata halitta mai fiffike. Babu wanda ya san waɗannan tsaunuka kamarta, amma a 1833 ƙasa ta zafto ta kashe karenta a gabanta, ita ma da ƙyar ta sha. A watan Yulin 2012 kuma, wata matashiya da ke yawo da iyalinta ta rasu a gaɓar Burton Bradstock, gabas kaɗan da nan, lokacin da tsauni ya rufto.

Don haka ka yi nesa da gindin tsauni. Kada ka zauna a inuwarsa cin abinci, kada ka fake a ƙarƙashinsa in an fara ruwa, kada ka bar yara su hau. Idan ka ga sabuwar ƙasa mai duhu a zube, ko ƙananan tsakuwa suna gangarowa, ko ruwa yana tsiyaya daga jikin bangon, ka ƙara matsawa wajen teku. Lakar da ta malalo kan gaɓa ita ma tarko ce: samanta yakan bushe ya yi ɓawo kamar ƙasa mai ƙarfi, ƙarƙashi kuwa taɓo ne da ke riƙe ƙafa har gwiwa ko ƙugu. Ka zagaye ta ta gefen ruwa. Wanda ya maƙale kada ya yi ta fizge-fizge, ya baza nauyin jikinsa, a kira taimako. Lambar gaggawa a Birtaniya 999 ce, ka ce Coastguard kake nema, wato masu ceto na gaɓar teku. Haka ma idan ruwa ya tare ka: ka kira tun da wuri, kada ka gwada hawa tsaunin.

Abin da ke sanyaya rai shi ne, nisantar tsaunin ba ya rage maka komai. Burbushin da ke jikin bango a murƙushe yake, mai rauni, da ka taɓa shi sai ya ruguje. Masu kyau su ne waɗanda teku ya riga ya wanke ya ajiye a tsakanin tsakuwa, can ƙasa wajen ruwa.

Yadda ake nema

Ka rage sauri, ka rage tsawo. Mai tafiya a miƙe ba ya ganin komai. Ka durƙusa, ka zaɓi wuri kamar faɗin tabarma, ka bi shi da ido a hankali. Teku yana tace abubuwa bisa nauyinsu, shi ya sa masu nauyi suke taruwa wuri guda: a gindin manyan duwatsu, a cikin ramuka, a inda ka ga baƙin yashi mai ƙyalli. Idan ka ga tarin guntayen ma'adinin fairait, wanda Turawa ke wa laƙabi da zinaren wawaye saboda ƙyallinsa, to ka zauna a nan. Wajen Lyme Regis ma za ka ga tsofaffin ƙarafa da fasassun kwalabe daga wani tsohon juji da ya zafto a 2008. Su ma alama ce ta inda masu nauyi suka taru, sai dai a kula da hannu.

Abin da aka fi samu shi ne amonait, ɓawon wata halitta 'yar uwar dabbar tekun nan mai hannuwa da yawa da Turawa ke kira octopus, a naɗe kamar gammo, da layuka a jikinsa irin na ƙahon rago. Na fairait ƙanana ne, daga girman ƙwayar wake zuwa girman kwabo, launin tagulla ko zinare. Sai belemnait, ragowar jikin wata halittar teku, dogo mai tsini kamar harsashi. Sai guntayen kirinoyid, wata halittar teku mai kama da tsiro, waɗanda in ka dubi bakinsu za ka ga tauraro mai kusurwa biyar. Wanda kowa ke fata shi ne ƙashin gadon bayan iktiyoso: baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, kewayayye, mai kauri, da loɓawa a fuskokinsa biyu. Akwai ma kashin dabbobin da ya zama dutse, kuma Mary Anning tana cikin waɗanda suka fara gane ko mene ne shi.

Wani abu da ke yaudarar baƙi shi ne farin dutse mai zare-zare da ke fitowa falle-falle. Wani ma'adini ne kawai da ake kira kalsait, ba ƙashi ba.

Idan kana da guduma, duwatsun da ake fasawa su ne wasu masu launin toka, masu sulɓi, da suka riga suka faɗo kan gaɓa, musamman wanda gefen amonait ya leƙo a jikinsa. A buga a gefe, ta inda layin dutsen yake. Amma in ka ga alamar abu mai kyau ne, ka haƙura da bugun, ka kai wa masu gyara. Da yawa an farfasa abin da ya shekara miliyoyi lafiya lau saboda gaggawar minti ɗaya.

Doka

A yammacin Dorset akwai ƙa'idar da masu filaye da masana da masu tsinta suka amince da ita. An yarda ka ɗauki abin da ya faɗo yake kwance a gaɓa, domin in ba a ɗauka ba teku zai niƙe shi. Ba a yarda ka haƙa jikin tsauni ko shimfiɗaɗɗen dutsen gaɓa ba sai da izini. Idan ka samu abu mai muhimmanci ga ilimi, kamar ƙasusuwa a jere ko wata halitta da ba a saba gani ba, ana so ka kai cibiyar Charmouth a rubuta shi. Rubutawar ba ƙwacewa ba ce. Idan abin babba ne a cikin dutse, ka ɗauki hotonsa da wani abu a gefe don a gane girmansa, ka lura da wurin, ka sanar da su.

A Monmouth Beach, yamma da tashar jiragen ruwan Lyme Regis, akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse da ɗaruruwan manyan amonait a jikinsa, ana ganinsa idan ruwa ya janye. Wannan na kallo ne da hoto, ba a sa masa guduma. Kuma kada ka ɗauka sassaucin Charmouth haka yake ko'ina. A Kimmeridge, cikin Dorset ɗin dai, an hana amfani da guduma. A Joggins ta ƙasar Kanada ba a ɗaukar komai sai da takardar izini. Kowace gaɓa ka tambayi dokarta kafin ka sa abu a aljihu.

Ko inda aka yarda, ka ɗauki kaɗan. Belemnait talatin ba za su yi maka abin da uku ba su yi ba, kuma akwai yaron da zai biyo bayanka gobe yana neman nasa na farko.

Bayan ka dawo

Ka naɗe kowane abu daban tun a gaɓa, domin in suka haɗu a aljihu suna goge juna. A gida ka jiƙa masu tauri a ruwan daɗi na 'yan kwanaki, kana sauya ruwan, domin gishirin teku ya fita. In ba haka ba, gishirin zai bushe a ciki ya tsattsaga su. Waɗanda ke cikin laka mai laushi kada ka jiƙa su, narkewa za su yi. A goge su a hankali da busasshen buroshi.

Na fairait suna da wata cuta tasu. Idan suka zauna a wuri mai laima, ma'adinin yana haɗuwa da iska da danshi ya fara ruɓewa: sai ka ga fari ko rawayan gari a jikinsa, da wari irin na ƙibiritu, daga baya ya ruguje. Bayan wankewa ka busar da su sarai, ka sa a roba mai rufuwa da kyau tare da 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Wanda ya fara nuna alamar ruɓa ka ware shi daga sauran.

Sannan ka yanki 'yar takarda ka rubuta ranar da ka samu, da sunan gaɓar, da ɓangaren da ka tsince shi, gabas da kogi ko yamma, da kimanin nisansa daga gada. Ka sa takardar a cikin robar tun a daren, kafin ka manta wanne ka ɗauko daga ina.